Layin da Na Tsallake wa Gwaggo Hajo

Batsari, ranar Litinin.

Da sunan Allah nake farawa. Zuwa ga Na Gwaggo, a Zariya. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida gajiyarka da ta abokan karatunka. Allah ya sa takardar nan ta iske ka tsaye da ƙafafunka, ya tsare ka daga wutar da kake aiki da ita.

Babanku lafiyarsa ƙalau, sai gwiwar nan ta hagu da ke tashi in hadari ya haɗu. Yana can ƙauyenmu Babban Duhu yana sharar gona. Ƙanwarka Lami ta sauka lafiya, mace, an sa mata sunan kakarku. Ƙanenka Sani ya yi zazzaɓi kwana huɗu ya miƙe, ya koma bayan shanu wajen Tsaskiya. Baffa Iro ba shi da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, ka sa shi a addu'a. Saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta mutu. Gwaggo Hajo kuwa lafiya ta ishe ta har ta yi mata yawa. Tun da labari ya zo cewa bayan Sallah za ka hau jirgi zuwa ƙasar Turawa shekara uku, ba gidan da ba ta shiga ba a unguwar nan.

Kada ka juya takardar kana neman hannun wanda ya rubuta. Ba Gwaggo ce ta faɗa aka rubuta mata ba. Ni ce, Adda, wadda ta haife ka. Rani huɗu ke nan ina zuwa Batsari ina sauka gidan Gwaggo, da safe in soya waina, da yamma in tafi ajin yaƙi da jahilci wajen Malama Talatu. Ka san ina karatu. Ba ka san ina rubutu ba, don ban taɓa rubuta maka ba. Abu ɗaya nake so daga gare ka, kuma zan faɗe shi tun yanzu don kada kunya ta cinye shi kafin in kai ƙarshe: ina son wasiƙa tawa ta kaina. Sauran abin da ke cikin takardar nan kurakuraina ne, ka karanta ka ɗauki abin da zai amfane ka a can.

Kai ne ɗan farina, kuma ka san al'adarmu. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane. Haka na tarar. Amma al'ada ta ce mudu, ni na auna tiya. Ranar da aka yaye ka, Gwaggo Hajo, yayar babanku da Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya ka za ta kawo ka Batsari. Ka miƙo hannu kana kuka. Ina daka a lokacin, sai na ƙara wa taɓarya ƙarfi don kada in ji. Uwata da kanta ta ce mini, "Ke 'yar nan, kunya aka ce, ba a ce ki zama dutse ba. Ko ɗaga kai ki yi." Ban ɗaga ba. Mata suka yi ta yabona, wai wance akwai kunya, wance 'yar gidan mutunci ce. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye maka ba. Na ci shi shekara da shekaru, kuma bai ƙosar da ni ba ko sau ɗaya. Ka tashi kana ce wa Gwaggo Inna, ni kana ce mini Adda kamar wata yayarka, ni kuma ina ce maka Na Gwaggo da bakina, har sunan ya bi ka.

To, inda za ka ba su san wannan kunyar ba. In ka yi shiru, za su ɗauka ba ka da abin faɗa. In kana jin yunwa ka ce kana ji. In ba ka gane ba ka ce a maimaita. In kuma ka ji warin iskar gas ɗin nan da kuke aiki da ita tana yoyo daga bututu, ka buɗe baki ko da babban malaminku ne ya ɗaura shi da hannunsa. Kada ka bari a yaba maka da shiru. Na san ɗanɗanonsa.

Shekarar mulkin kai, da aka zo ɗiban yara makaranta, mutane suna ɓoye nasu cikin rumbu, Gwaggo ce ta kama hannunka ta kai ka. Wannan nata ne, ba zan ƙwace mata ba, ko da yake ta faɗe shi sau dubu. Bayan 'yan shekaru aka kawo ajin manya har Safana, babanku ya ce in ina so in je. Na ce me zan karanta, bayan saniya? Gaskiyar ita ce ba sa'ata ko ɗaya da ta shiga, na ji tsoron dariya. Sai ka tafi sakandare, wasiƙunka suka fara zuwa. Gwaggo ta kai wa malamin asibiti ya karanta mata, in mun haɗu ranar kasuwa in ce, "Gwaggo, an sami labarin yaron?" Sai ta ce, "Ya ce a gaida ku." Takarda biyu gaba da baya, ina ganin kaurinta ƙulle a bakin zanenta, amma rabona a ciki "a gaida ku". Ka ga ba don Allah na shiga aji ba, ba kuma don son ilmi ba. Haushi ne ya kai ni, da furfura a kaina. Malama Talatu ta ce niyya ana gyara ta a hanya, ina fatan haka ne. Kai dai kada ka jira sai haushi ya kora ka. Duk abin da aka buɗe maka ƙofarsa a can, ka shiga tun ƙafarka tana da ƙarfi.

Kuma dubi abin da karatun ya jawo mini. Da na iya, Gwaggo ta daina zuwa wajen malamin asibiti. Wasiƙa tana zuwa sai ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Zo, matar ƙanena, karanto mini ɗana." Ni ce zan buɗe baki in ce, "Zuwa ga Innata abar ƙaunata." Ni ce zan karanta kana tambayar bayanta da haƙorinta da akuyarta. Can ƙasa, inda takarda ta kusa ƙarewa rubutunka ya ƙanƙance, sai in iske kaina: "A gaida Adda da yara." Tare da yara ka ɗaure ni, kamar ragowar itace. Ba laifinka ba ne. Abin da na shuka ne.

Ka tuna zuwanka na ƙarshen ranin bara, da ka zo da 'yar kwalba? Kun zauna a tsakar gida kai da Gwaggo, ni ina bakin murhu na ba ku baya. Ka zazzage ƙwayoyi a kan takarda, kamar wake ƙanana, wasu farare, wasu koraye, wasu baƙi ƙirin. Ka ce kada kowa ya sa su a baki, akwai dafi. Sannan ka yi bayani. Ka ce a Kudu, inda ake haƙo mai, akwai iska marar nauyi da ke fitowa tare da shi, ana cinna mata wuta tana ci a banza dare da rana. Ka ce iskar nan ba ta kama komai, ba ta haɗuwa da kowa. Amma in aka zafafa ta aka bi da ita ta cikin bututu cike da korayen ƙwayoyin nan, sai su zare mata wani abu, ta fito wata iska dabam mai yarda ta kama 'yar'uwarta su yi sarƙa, sarƙar nan ita ce robar bokiti da buta. Ka ce farar ƙwayar ƙasa ce mai ƙofofi da ido ba ya gani, ba ta aikin da kanta, ɗauka kawai take yi. Koren da ke kanta tsatsar wani ƙarfe ce da ake shafawa siriri, ita ke aikin, kuma ba ta ƙarewa a ciki. In an shafa da yawa sai ta dunƙule ta lalace. In ta jima tana aiki sai baƙi ya rufe ta irin na gindin tukunya, ta daina, sai an sa mata iska da wuta an ƙone baƙin. In wutar ta yi yawa kuma, ƙofofin farar ƙasar su toshe, an yi asara gaba ɗaya. Ka ce abin da za ka je nema ke nan, yadda ƙwayar za ta daɗe ba ta yi baƙi ba.

Ka ga na riƙe ko ban riƙe ba? Gwaggo tana ta "Allah sarki, ikon Allah", amma abin da ta ɗauka shi ne kai ke yin bokiti. Har yau in ta ga mai bokitin roba a kasuwa sai ta ƙwanƙwasa ɗaya ta ce, "Na wajen ɗana ne, rage mini."

Ni kuwa tun kana magana nake kallon tandata. Ita ma ƙasa ce. Mai nake shafa mata da ɗan tsumma, siriri, in ya taru a gurbi waina ta jiƙe ta ƙi tashi. In na kwana biyu ina suya, baƙin ƙanzo ya kama guraben, ƙullu ya riƙa mannewa, sai na kife ta a garwashi ya ƙone. Na taɓa gaggawa na hura mata wuta da yawa, ta tsage gida biyu. Duk wannan yana bakina. Ka juyo ka ce, "Adda, kin gani?" Sau ɗaya ke nan a rayuwarka ka kira ni in ga wani abu naka. Na ce, "Ina ruwana da tsakuwa." Ban ko waiwaya ba. Na ji ka yi 'yar dariya, ka mayar da ƙwayoyin, ka ba Gwaggo kwalbar. Waina uku na ƙona a jere.

In wani ya miƙo maka abinsa ya ce ka gani, ka duba. Ko ba ka da lokaci ka duba. Ba kowa ke miƙowa sau biyu ba.

Yanzu ga wanda ya fi muni, biyu ne ma. Gwaggo ta ɗora kwalbar a saman jeren kwanoninta, inda duk mai shiga ɗakin zai gani. Kullum ina shara ina kallonta. Bana, wata ranar kasuwa da ta fita, na hau turmi na sauko da ita na ɗauki baƙa guda ɗaya da tsinke. Sata ce, ba ta da wani suna. Na kai ta bayan gida inda ba yara, na ɗora a kan tsingaro, na sa a garwashi ina fifitawa a hankali yadda nake yi wa tanda. Ban taɓa da hannu ba, kuma tsingaron na binne shi. Baƙin ya tafi, wallahi ya tafi kamar yadda ka faɗa. Na zauna ni kaɗai ina dariya kamar wadda aka yi wa bushara. Sai dai ba ta dawo koriya sak irin na kwalbar ba. Ta fito da ɗan rawaya-rawaya a jikinta. Na rasa wanda zan tambaya. Wutata ce ta yi yawa, ko haka take yi kafin a mayar da ita aiki? Tana nan na naɗe ta a takarda cikin aduduna. Kai kada ka yi irin nawa. A ɗakin aikin mutane, ko ƙwaya ɗaya ce ka roƙa a ba ka. Da na ce, "Gwaggo, ba ni ɗaya," da ta ba ni, da gori dai, amma da ta ba ni.

Na biyun shi ne wasiƙarka ta watan jiya, wadda ka faɗi tafiyarka a ciki. Ina karanta mata, sai na kai inda ka ce: "Inna, koren nan ba ya iya komai sai da farar ƙasar da ta ɗauke shi. Ke ce farar ƙasata." Idona ya riga bakina isa wurin. Na yi tari, na tsallake, na ci gaba da maganar jirgi. Mako uku ina ɗauke da layin nan. Ina ba ta tuwo ina tunawa, ina sallah ina tunawa. Ina ce wa kaina, ita ce farar ƙasa, ni kuma mece ce, ramin da aka haƙo ƙasar? Na tuna ƙyandar da ka yi kana shekara huɗu, da ta goya ka a ƙafa har asibiti, ni ina Babban Duhu an aiko mini na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da tatsa, don kada surukaina su ga na damu. Na san maganarka gaskiya ce. Sanin bai rage mini zafi ba.

Shekaranjiya da hantsi tana tsince wake, na ɗauko wasiƙar na ce, "Gwaggo, akwai wurin da ban karanta miki ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wajen tarin nan?"

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Ni ban iya boko ba, amma na iya tari. Shekara talatin ina jin naki, ba haka yake ba. Kuma yatsanki ya yi tsalle. Karanto."

Na karanta mata. Ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ce, "Farar ƙasa? Ni da nake baƙa kamar gindin tukunya? Yaron nan bai da ta ido." Ta sa na maimaita mata har sau uku, ina ganin biyun na horo ne. Sai ta ce, "Da kin tambaye ni ƙwayar ma da na ba ki. Bakwai ne baƙaƙen, kullum sai na ƙirga."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe. Amma ke wace irin mace ce? Kin iya abin da ban iya ba, kin tsaya kina lasar kwanona. Wa ya riƙe miki hannu? An ce kada ki kira sunansa, an ce kada ki rubuta masa? Lokacin da aka kafa al'adar ma wa ya san takarda? Rubuta masa. In ya amsa ki karanta mini, in kin ga dama ki yi tari."

Ka ji yadda aka yi takardar nan ta samu. Ko ita ma sai da Gwaggo ta ba ni izini, kuma wannan ma yana ci mini rai, ka ga halin uwarka. In ka yi wa wani laifi a can, kada ka kai mako uku. Mai haƙƙin yakan riga ka sani, yana zaune ne kawai yana jiranka.

Kada ka ce don na faɗi wannan za ka rage mata komai. Ka ci gaba da rubuta mata kamar da, ka ce mata Inna, ni zan karanta, ba zan ƙara tsallake ko ɗigo ba. Haƙƙinta ne, ta biya shi da bayanta. Ban ce ka sake mini suna ba. Adda ta ishe ni.

Sauran kaɗan ne. Ka riƙe sallarka ko rana ta ƙi fitowa, an ce can haka take yi. Ka tambayi naman da aka ba ka. Ka sayi rigar sanyi tun ranar da ka sauka, ƙirjinka ba shi da ƙarfi tun ƙyandar nan. Ka wanke hannu bayan ka taɓa ƙwayoyinka kafin ka ci abinci, kai ka faɗa da bakinka akwai dafi. In kana ƙone baƙin, kada ka yi gaggawa don wani ya riga ka gamawa. In abokin aikinka ya samo abin da kake nema kafin kai, ka je ka taya shi murna a ranar, da ƙafarka, kafin abin ya kwana a cikinka. Wannan ƙyashin daga wajena ka gaje shi in kana da shi, don haka nake gaya maka. In kuma wata ce ta fara yi maka girki a can, ka faɗa da wuri. Na saba da tarayya da mace ɗaya a kanka, ta biyu sai na shirya.

Hadari ya fara haɗuwa. Alhamis ɗin ƙarshe kafin azumi babanku zai aiko a ɗauke ni in koma Babban Duhu don shuka. Ka san hanyarmu, in ruwa ya sauka ba mota ba takarda sai kaka, lokacin kuwa ka daɗe da ƙetare teku. Don haka ina roƙonka amsarka ta iso Batsari kafin wannan Alhamis ɗin. Ba sai ta yi tsawo ba. Ka gaya mini dalilin rawayar nan, ka gaya mini ko maganar tandata ta yi kusa da aikinka ko shirme ce. Ka yi rubutun da girma, idona ba ya son ƙanana. Ka aiko ta hannun Malama Talatu ta ajin manya. Ita ce ma za ta rubuta sunanka a bayan ambulan ɗin nan, na gwada sau biyu hannuna ya ƙi.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a sama da ƙasa da ruwa. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin wuta da na iska da na zuciya. Allah ya dawo da kai ka iske mu, ni da ita duka.

A bayan naka ambulan kada ka sa Adda, mai raba wasiƙu bai san wata Adda ba. Ban sani ba ko an taɓa gaya maka, sunana Sa'adatu.